Tambaya da Amsa: Dasa libusb a Wata Babbar Manhaja

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan abu guda: manhaja tana magana da na'urar USB lafiya lau a Linux, an ɗauke ta zuwa wani gida, ta yi gum. Mun zaɓi huɗu daga ciki. Yawancinsu a kan libusb ne, laburaren kod da shirye-shirye ke bi ta cikinsa su yi magana da na'urorin USB.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na injiniyancin kwamfuta a nan Makka. A ɗakin gwajinmu akwai wata ƙaramar babbar manhaja da ɗalibai ke ginawa. Tana bin tsarin POSIX na manhajoji irin Unix, tana da pthread na tayar da zare da poll na jiran labari, kuma kanel ɗinta yana gane na'urar USB idan an jona ta. Aikin kammala karatuna shi ne in sa libusb ta yi aiki a kanta cikin zango ɗaya. Na buɗe kod ɗin na ga fayiloli birjik, kaina ya ɗaure. Ta ina zan fara? Sai na sake rubuta ta duka?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, yawancin fayilolin nan ba za ka taɓa su ba. An gina libusb hawa biyu. Hawan sama, wato core.c da io.c da sync.c da descriptor.c, bai san ko wace babbar manhaja yake kai ba. Hawan ƙasa yana cikin jakar libusb/os, kuma kowace manhaja tana da nata fayil a can: linux_usbfs.c, darwin_usb.c na macOS, windows_winusb.c, openbsd_usb.c, netbsd_usb.c, sunos_usb.c, da na Haiku. Aikinka shi ne ka ƙara fayil ɗaya a wannan layi. Abin da ya haɗa hawa biyun shi ne struct usbi_os_backend da ke cikin libusbi.h, jerin ayyuka ne da hawan sama zai riƙa kira, kai kuma ka cike gurabensu. Karanta bayanin da aka rubuta a saman kowane gurbi kafin ka rubuta ko layi ɗaya, a can aka faɗi abin da ake jira daga gare ka da kuskuren da ya halatta ka mayar. Akwai kuma ɗan fayil mai suna PORTING a tushen kod ɗin.

Da yake manhajarku tana da pthread da poll, ka huta da babban aiki: threads_posix.c da events_posix.c za su yi maka yadda suke. Abin da kawai za ka tabbatar shi ne pipe yana aiki tare da poll, domin da shi libusb ke tayar da zaren da ke jiran labari idan babu eventfd irin na Linux. Ka rubuta gwaji na layi ashirin: zare ɗaya yana jira a poll, ɗayan ya rubuta bayit guda a pipe. Idan mai jiran bai farka ba, gyaran kanel ne aikinka na farko.

Ka ɗauki siga ta 1.0.24 ko wadda ta biyo bayanta, domin a nan aka sake fasalin yadda ake kula da jiran labari, kuma tsofaffin bayanan da za ka gani a intanet sun bambanta da shi. Kwafi null_usb.c, wanda kusan kowane aiki a cikinsa cewa yake ba a goyon baya, ka sake masa suna. Ƙara sunan manhajarku a configure.ac, inda ake zaɓen hawan ƙasa bisa sunan manhaja, ka ƙara fayil ɗinka a Makefile.am. Idan configure ya ce bai san manhajar ba, config.sub ne ke ƙorafi, ka ƙara sunan a can. Burin makon farko kenan: laburaren ya harhaɗu, misalin listdevs da ke jakar examples ya tashi ya fita ba tare da ya faɗi ba, ko da bai nuna komai ba.

Daga nan sai get_device_list. Kowace na'ura za ka ba ta lambar zama wadda ba ta canjawa muddin tana jone. A Linux da OpenBSD lambar bas ake turawa hagu da bit 8 a haɗa da adireshin na'urar. Ka fara tambayar usbi_get_device_by_session_id ko an riga an san ta, sai idan babu ka kira usbi_alloc_device. Masu tsallake wannan tambaya su ne ke ganin firinta ɗaya ta fito sau uku. Sai ka cike bayanin na'ura, bayit 18 ne cif. Bayanin tsari kuwa farkonsa bayit 9 ne, amma ainihin tsawonsa yana cikin wTotalLength, saboda haka karatu biyu ake yi: a karanta 9, a ga tsawon, a dawo a karanta duka. USB tana sa ƙaramin bayit a gaba a duk lambar da ta kai bayit biyu. A kan x86 da yawancin allunan ARM ba za ka ga bambanci ba, amma ka kira usbi_localize_device_descriptor duk da haka. In ba haka ba, ranar da aka kai kod ɗin kan injin da ke sa babban bayit a gaba, na'urar FTDI mai lamba 0403 za ta fito a matsayin 0304. Ranar da listdevs ya nuna maka 0403:6001 ko 1a86:7523 na ɗan CH340 da ke kan allunan Arduino masu araha, ka ci kashi ɗaya cikin uku na aikin.

Su open da close da claim_interface ba su da wuya, kiran kanel ne kai tsaye. Inda gizo ke saƙar shi ne submit_transfer da cancel_transfer, kuma nan ya kamata rabin zangonka ya tafi.

Dalili kuwa, a libusb babu aika saƙo na tsaya-ka-jira na gaskiya. Ko libusb_bulk_transfer da kake gani kamar yana jira, a ciki miƙa saƙon yake yi sannan ya zauna yana juya jiran labari har a ce an gama. To idan kanel ya gama aikawa, ta yaya hawan sama zai ji? Hanya biyu ce. Idan fayil ɗin na'urar a manhajarku yana iya tayar da poll, kamar yadda /dev/bus/usb ke yi a Linux, sai ka yi rajistarsa ka cike handle_events. Idan ba ya iyawa, ka tayar da zare naka ya yi jiran, idan ya gama ya kira usbi_signal_transfer_completion, hawan sama kuma zai dawo maka ta handle_transfer_completion a zaren da ya dace. Ga ƙaramin kanel na ɗalibai ta biyun muke ba ka shawara. Kada ka kuskura ka kira usbi_handle_transfer_completion daga cikin submit_transfer. A lokacin akwai makulli a hannun hawan sama, shirin zai sandare, babu kuskure babu saƙo, sai allo yana kallonka.

Akwai gajeriyar hanya da OpenBSD ta bi: ana yin aikawar gaba ɗaya a cikin submit_transfer ta fayilolin ugen, direbanta na USB na gama-gari, sannan a yi siginar an gama. Tana aiki, kuma ba laifi ka fara da ita don ka ga bayit na farko ya fita. Amma ka san farashinta: ba a iya soke saƙo, kuma manhajar da ke jera saƙonni da yawa a lokaci guda, irin na rediyon RTL-SDR, ba za ta samu gudun da take buƙata ba.

Sokewa kuwa ba ado ba ce. Lokacin jira da mai shiri ke sawa, a ce milisakan 1000, hawan sama ne ke ƙirga shi, kuma idan ya cika abin da yake yi shi ne kiran cancel_transfer ɗinka. Idan sokewarka ba ta aiki, lokacin jira ma ba ya aiki, sai dai in ka sa tutar USBI_TRANSFER_OS_HANDLES_TIMEOUT ka bar wa kanel ƙirgar. Bayan ka nemi sokewa, kada ka ce an soke sai kanel ya tabbatar ya saki ma'ajiyar. Idan ka yi gaggawa, shirin zai 'yanta ma'ajiyar, mai kula da USB kuma ya zo daga baya ya zuba bayanai a wurin da ya riga ya zama na wani. Irin wannan kuskure ba ya fitowa a gwajin minti biyar, sai ranar da malamai suka zauna kallo. Haka kuma saƙon da aka soke yana iya zama ya riga ya karɓi wasu bayit, ka rubuta adadinsu a transferred, kada ka mayar da sifili.

Ƙananan tarkuna uku. A saƙon kwantirol, bayit 8 na farkon ma'ajiyar umarni ne, bayanan suna farawa daga na tara, kuma adadin da za ka mayar ban da waɗannan takwas. Idan na'ura ta ƙi umarni, LIBUSB_TRANSFER_STALL za ka mayar, ba kuskuren gama-gari ba, domin shirye-shirye da yawa da shi suke gane cewa su kira clear_halt. Sannan cire waya ana tsakiyar aiki: duk saƙon da ke kan hanya dole ya dawo da LIBUSB_TRANSFER_NO_DEVICE, ko guda ɗaya ka manta shirin zai jira shi har abada.

Wajen gwaji, sa LIBUSB_DEBUG=4 ka ga duk abin da ke gudana. Ka ajiye kwamfutar Linux a gefe, ka ɗauki zirga-zirgar na'urar da usbmon da Wireshark, ka kwatanta da taka bayit da bayit. Misalan testlibusb da xusb za su nuna maka gurbin da ka bari. Ka bar isochronous, wanda kyamara da makirufo ke amfani da shi, da sanarwar jonawa da cirewa, ka mayar da LIBUSB_ERROR_NOT_SUPPORTED. Kwantirol da bulk da interrupt masu sokewa ta gaskiya sun isa aikin zango, kuma sun fi abu biyar da aka yi rabi-rabi.

Wani abin lura ga masu karatu: wanda FreeBSD ce manufarsa ba ya buƙatar wannan wahala. Tun FreeBSD 8 tana zuwa da nata laburare mai amsa kira irin na libusb, a haɗa da -lusb kawai.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina haɗa wa masu shaguna a Jidda tsarin kashiya. Na rubuta shirin da ke buga fatura mai lambar QR a firintar rasit ta libusb, a Linux. Wani mai bakala ya ce Windows yake so, wani kuma kwamfutar hannu ta Android. A Windows libusb_open yana ba ni -12, a Android ko firintar ba ya gani. Sannan doguwar fatura wani lokaci kanta yana fitowa sau biyu.

AMSA: Barka kadai, Alhaji. Nan ba dasa laburare za ka yi ba, libusb tana aiki a duka biyun. Ƙofar shiga ce ta bambanta.

Lamba -12 ita ce LIBUSB_ERROR_NOT_SUPPORTED. A Linux direban usblp ne ke riƙe firinta, kuma libusb_set_auto_detach_kernel_driver yana janye shi. A Windows babu wannan janyewa. Firintar tana hannun usbprint.sys, libusb kuma tana son ta same ta a hannun WinUSB ko libusbK. Manhajar Zadig tana musanya direban cikin minti ɗaya, amma daga lokacin firintar ta daina amsa wa sauran shirye-shiryen Windows, kuma WinUSB shiri ɗaya yake bari ya buɗe na'ura a lokaci guda. Ga shagon da za ka bari ka tafi, ba mu ga hikimar haka ba. Ka bar direban yadda yake, ka tura bayit ɗin ESC/POS ɗinka, wato umarnin firintar rasit, ta OpenPrinter da StartDocPrinter, nau'in bayanai RAW, sannan WritePrinter. Ka ware aikin aikawa a fayil guda mai ayyuka uku, buɗe da rubuta da rufe, kowace manhaja da nata.

Android kuwa kanel ɗin Linux ne a ƙasa, amma ba a barin shiri ya leƙa /dev/bus/usb da kansa. Ta ɓangaren Java ko Kotlin za ka nemi izini da UsbManager.requestPermission, ka buɗe na'urar, ka karɓi lambar fayil da getFileDescriptor, ka miƙa ta ga kod ɗin C. A can ka sa LIBUSB_OPTION_NO_DEVICE_DISCOVERY kafin libusb_init, sannan ka kira libusb_wrap_sys_device, wanda ya shigo a 1.0.23. Ka riƙe UsbDeviceConnection a raye har ka gama, idan aka rufe shi lambar fayil ɗin ta mutu a hannunka.

Maimaita kan fatura lissafi ne. Mafi yawan masu buga Larabci hoto suke turawa, domin haruffan su haɗu daidai. Takarda mai faɗin milimita 80 a firinta mai ɗigo 8 a milimita yawanci ɗigo 576 ce a layi, wato bayit 72. Fatura mai tsawon santimita 10 layi 800 ce, bayit 57,600, fakiti 900 masu bayit 64. Ma'ajiyar firintar ba ta ɗaukar wannan a tashi ɗaya, sai ta riƙa cewa a dakata tana bugawa. Lokacin jiranka ya cika, ka samu -7, wato LIBUSB_ERROR_TIMEOUT, shirinka ya sake turawa daga farko, alhali rabi ya riga ya shiga. Duba adadin da ke cikin transferred ko da an samu -7, ka ci gaba daga nan. Ka kuma yanka hoton gunduwa-gunduwa, kowace da nata umarnin buga hoto na GS v 0, layi 100 ko ƙasa da haka.

TAMBAYA: Salam. Ina aiki da wani ɗakin sanyi na ajiyar dabino a Madina. Muna da na'urar auna zafi ta USB da nake karantawa da hidapi, laburaren magana da na'urorin USB na ajin HID. A Raspberry Pi ina tura mata umarni mai bayit 64 tana amsawa. A Windows hid_write yana dawo da -1, kuma lambar siriyal tana fitowa harafi ɗaya kawai. Na'urar ce ta lalace? Daga 'yar'uwarku.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Na'urarki lafiyarta ƙalau. Kuskuren yana nan tun a Linux, sa'a ce ta rufe shi. Ƙa'idar hid_write ita ce bayit na farko lambar rahoto ne. Idan na'urar ba ta amfani da lambobin rahoto, sifili ake sawa, saboda haka umarni mai bayit 64 ana tura shi a matsayin 65. Kanel ɗin Linux yana duba bayit na farko: idan sifili ne ya cire shi, idan ba sifili ba ya tura komai yadda yake. Da yake umarninki bai fara da sifili ba, sai ya wuce. Windows kuwa ta ɗauki wannan bayit a matsayin lambar rahoto, ta duba bayanin na'urar ba ta ga irinsa ba, ta ƙi. Ki sa 0x00 a gaba, tsawo 65, zai yi aiki a duka biyun. Wajen karatu kada ki yi tsammanin sifilin, hid_read ba ya dawo da shi ga irin wannan na'ura.

Siriyal ɗin kuma wchar_t ne, bayit 4 a Linux, bayit 2 a Windows. Idan aka buga shi kamar rubutun char, bayit na biyu sifili ne, sai bugun ya tsaya bayan harafin farko. Ki yi amfani da %ls, ko ki mayar da shi UTF-8 tun a bakin ƙofa. Tunda kina ciki, ki nemo duk inda kika sa long a tsarin bayanan na'urar: bayit 8 ne a Linux mai bit 64, amma 4 a Windows ko da mai bit 64 ce, haka ma a Raspberry Pi mai bit 32. Ki musanya da uint32_t ko int16_t daga stdint.h. Zafin da ke ƙasa da sifili yana buƙatar lamba mai alama, in ba haka ba ɗakin da ke kan -2 zai nuna miki dubu sittin da biyar da wani abu.

Idan nan gaba kika jona na'urar karanta bakod, ki sani Windows ta riƙe wa kanta duk abin da ya zo da siffar allon rubutu ko linzami, hidapi ba za ta karanta shi ba. Yawancinsu akwai bakod a littafinsu da ke juya su zuwa HID POS ko tashar COM.

TAMBAYA: Malam, kamfaninmu a Riyad ya yi wa libusb gyara don ta hau allon da muke sayarwa. Maigidana yana tsoron za a tilasta mana buɗe kod ɗin shirinmu duka. Haka ne?

AMSA: A'a, ranka ya daɗe, ka gaya wa maigidan ya sha kuruminsa. Lasisin libusb LGPL 2.1 ne. Shirinku naku ne. Abin da ke kanku shi ne gyaran da kuka yi wa laburaren kansa, har da sabon fayil ɗin da kuka sa a jakar os: duk wanda kuka ba allon yana da haƙƙin samun wannan kod, tare da kwafin lasisin. Sharaɗi na biyu shi ne mai allon ya iya musanya laburaren da wani. Idan kun haɗa shi a matsayin libusb-1.0.so daban, an wuce wurin. Idan kun dunƙule shi cikin shirin, sai kun bayar da fayilolin .o na shirinku don a iya sake haɗawa. Ita hidapi ta fi sauƙi, tana ba da zaɓin lasisi uku, ciki har da na BSD. Kafin ku sa hannu a kwangilar sayarwa, lauyanku ya karanta sashe na 6 na lasisin.

Shawararmu ku tura gyaran ga masu kula da libusb a GitHub. Sauyin da aka yi a 1.0.24 ya taɓa fayiloli da yawa da ke jakar os. Waɗanda ke cikin gida an gyara su tare, waɗanda ke ɓoye a kamfanoni kuwa masu su ne suka zauna suna bi layi-layi. Ku raba gyaran ƙanana: na configure.ac daban, sabon fayil daban, duk abin da ya taɓa core.c ko io.c daban tare da dalilinsa. Ku rubuta sunayen na'urorin da kuka gwada da lambobinsu, ku kuma faɗi wanda zai riƙa amsa ƙorafi a kan wannan fayil, domin tambayar da za a fara yi muku kenan.